Marigayi Malam Aminu Kano: Siyasar da Samari Suka Kafa, Ta Kuma Ƙetare Iyaka

Ranar 8 ga watan Agusta na shekarar 1950 waɗansu mutum takwas suka taru a Sabon Garin Kano, suka kafa jam'iyyar NEPU, wadda Hausawa suka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Ita ce ake lasaftawa jam'iyyar siyasa ta farko da ta fito fili a Jihar Arewa. Da dama daga cikin mutanen nan samari ne. Malam Magaji Ɗambatta bai cika shekara 20 ba, Malam Mudi Sipikin da Malam Maitama Sule kuwa ba su wuce 21 ba. Sauran su ne Abba Maikwaru, da Bello Ijumu, da Abdulƙadir Ɗanjaji, da Musa Kaula, da Babaliya Manaja.

Mutumin da ya ja ragamar wannan jam'iyya har ƙarshenta ba ya cikin jerin sunayen, domin har a lokacin ma'aikaci ne, yana koyarwa a Maru ta lardin Sakkwato. Shi ne marigayi Malam Aminu Kano, wanda washegarin ranar ya cika shekara 30 da haihuwa. Mutanen yanzu sun fi tuna shi da kamannin dattijo mai farar riga da jar hula, amma aikin da ya ɗaukaka sunansa tun yana saurayi ya fara shi, samari ne suka ɗauki nauyinsa, kuma tasirinsa bai tsaya a iyakar Nijeriya ba.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Malam Aminu ranar 9 ga watan Agusta 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Ya fito daga zuriyar Genawa, Filanin da suka shahara da malanta da alƙalanci. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne masanin shari'a, ya yi aikin mufti a kotun alƙalin Kano. Mahaifiyarsa, Malama Rakiya, ita ma mai ilmi ce, a hannunta ya soma karatun Alƙur'ani. Saboda haka tun yana yaro ya san yadda ake gudanar da shari'a da mulki daga ciki, ya kuma san bambancin abin da ke rubuce cikin littattafai da abin da ake aikatawa a fada da kotu.

Ya shiga makarantar Elementare ta Shahuci cikin 1930, daga nan ya wuce Midil ta Kano cikin 1933. Cikin 1937 ya sami shiga babbar kwalejin Arewa, wadda a wannan tsakani aka taso da ita daga Katsina zuwa Kaduna, ita ce daga baya ta zama Kwalejin Barewa ta Zariya. A can ya yi fice wajen muhawara da shirya wasan kwaikwayo, yana amfani da wasannin yana tona asirin masu cutar baƙauye a kasuwa da masu cin zalin talaka da sunan sarauta. Ya gama cikin 1942 da takardar shaidar malanta.

Zaman Bauci

Wurin da aka fara tura shi aiki shi ne makarantar Midil ta Bauci. A nan ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Yahaya Gusau suna koyarwa, ya kuma ƙulla abota da Malam Sa'adu Zungur, wanda shi ne ɗan Arewa na farko da ya yi karatu a babbar kwalejin Yaba ta Ikko. Malam Sa'adu ya girme shi da 'yan shekaru, ya riga shi sanin 'yan kishin ƙasa na Kudu, yana kuma da zurfin ilmin addini. Ra'ayinsu ya zo ɗaya a kan cewa adalcin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Malam Abdullahi na Gwandu suka yi jihadi dominsa ya sha bamban da mulkin en'e da Turawa suka ɗaure wa gindi.

Tsakanin 1943 da 1944 malaman nan matasa suka kafa taron tattaunawa a Bauci, inda ma'aikatan en'e da malaman makaranta, har da Turawan mulki, suke zama su yi muhawara a kan al'amuran ƙasa. Malam Aminu ne sakatare. Da tambayoyin suka kai ga yadda ake yanka wa sarakuna albashi, da kuma amfanin mulkin en'e shi kansa, sai hukuma ta rufe taron. Wannan ya koya masa cewa ba a gyara mulki da izinin masu cin moriyarsa, sai an kafa ƙungiya mai tsayawa da ƙafafunta.

Abin da Ya Gani a Landan

Cikin 1946 aka ba shi gurbin ƙaro ilmin koyarwa na shekara guda a Jami'ar Landan. Ya isa Ingila a daidai lokacin da duniya ke juyawa. An gama Yaƙin Duniya na Biyu, jam'iyyar Leba ta karɓi mulki cikin 1945, a watan Oktoba na shekarar kuma an yi babban taron 'yan kishin Afirka a birnin Mancesta, wanda Kwame Nkrumah da George Padmore suka tsaya a kan shirya shi. Ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma, WASU, wadda aka kafa tun 1925, ta zama matattarar samarin Nijeriya da na Gana da na Saliyo da na Gambiya. Indiya kuma ta sami 'yancin kai cikin watan Agusta 1947.

Malam Aminu ya cuɗanya da ɗaliban nan, ya saba da 'yan majalisar Ingila masu adawa da mulkin mallaka, ya karanta rubuce-rubucen masu ra'ayin gurguzu, ya kuma yi nazarin hanyar Mahatma Gandhi ta yaƙi da zalunci ba tare da zub da jini ba. Ya ga ma'aikacin Ingila yana da ƙungiya, yana da ƙuri'a, yana iya ka da minista a akwatin zaɓe. Tun yana can ya tara 'yan'uwansa malaman Arewa suka soma shirin ƙungiya, da ya komo gida kuwa ya kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa cikin 1948, ya zama babban sakatarenta. Daga baya ya rubuta labarin tafiyarsa ƙasar Turai cikin littafin nan Motsi Ya Fi Zama.

Bayan komowarsa aka mai da shi kwalejin horon malamai ta Maru. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda da farko ƙungiyar al'adu ce. Amma masu ra'ayin sauyi da masu ra'ayin riƙau ba su daɗe a inuwa guda ba. Cikin watan Nuwamba 1950 Malam Aminu ya ajiye aiki ya rungumi siyasa gaba ɗaya. A zamanin da masu ilmin boko ba su da yawa a Arewa, malami mai takardar Landan yana da tabbacin babban muƙami in ya yi shiru. Shi ya zaɓi ya bar albashi da fansho yana ɗan shekara 30. A taron Jos na watan Disamba 1950 aka raba gari, Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC cikin 1951, NEPU kuma ta kama gabanta. Cikin 1953 aka zaɓe shi shugabanta na ƙasa.

Abin da Ake Faɗa a Kansa

Wanda bai ga zamanin en'e ba zai yi wuya ya gane nauyin abin da samarin nan suka tunkara. A lardin Kano an raba ƙasa gunduma-gunduma, kowace da hakiminta. Wudil, alal misali, mazaunin Makaman Kano ce, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki. A ƙarƙashin hakimi akwai dagatai, a ƙarƙashinsu masu unguwanni. Ta wannan tsani ake karɓar haraji a kan kowane baligi, da jangali a kan kowace saniya. Kotun alƙali, da 'yan doka, da gidan yari duk na en'e ne. A bisa kowa kuma akwai Razdan da Di'o. Talakan da ya ga an zalunce shi, ƙararsa za ta koma hannun ma'aikatan wanda yake ƙara.

Takardar manufofin NEPU, wadda aka sani da Shelar Sawaba, ta bayyana cewa al'ummar Arewa ta kasu biyu, masu sarauta da talakawa, kuma ba mai ƙwato wa talaka 'yancinsa sai shi kansa, ta hanyar ƙuri'a. Jam'iyyar ta nemi a yi zaɓe kai tsaye a asirce, a zaɓi majalisun en'e, a raba kotuna da fada, a hana aikin tilas, a ba mata ilmi da ƙuri'a. Waɗanda suka amsa kiran su ne teloli, da mahauta, da direbobi, da 'yan koli, da ƙananan 'yan kasuwa, da malaman allo da almajiransu. Mawaƙa suka tsara waƙoƙin jam'iyya, jaridar Comet da ake bugawa a Kano ta buɗe shafin Hausa, samari suka kafa reshensu mai suna Rundunar Samarin Sawaba. Su ne masu hawa keke su kai saƙo ƙauyuka ranar kasuwa, su ne masu sayar da katin jam'iyya, su ne masu tsaron wurin lacca.

A zaɓen 1951 NEPU ta yi rinjaye a matakin farko cikin birnin Kano. Amma zaɓen hawa-hawa ne, a mataki na ƙarshe kuma doka ta ba en'e ikon shigar da nata mutane cikin masu zaɓe. Da aka gama, ko ɗan NEPU ɗaya bai kai majalisar Kaduna ba. Malam Aminu ya kai wannan kuka gaban Turawa a tarurrukan tsarin mulki da aka yi a Landan cikin 1953 da 1957. Cikin 1954 jam'iyyar ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, domin ta sami lauyoyi da jaridu da madafa a Kudu. A zaɓen tarayya na shekarar kuwa wanda ya ka da shi a Kano shi ne Malam Maitama Sule, ɗaya daga cikin takwas ɗin nan, wanda ya riga ya koma NPC.

Samari ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Ba a yin lacca sai da takardar izinin en'e, ba kasafai kuma ake bayarwa ba. Laifin zagin sarki ko raina hakimi ya isa a yi wa mutum bulala a ɗaure shi, lauya kuwa ba ya tsayawa gaban alƙali. An kori waɗansu daga garuruwansu, an ƙara wa waɗansu haraji, an hana waɗansu aure. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa cikin 1933, ta shiga jam'iyyar tana 'yar shekara 17, ta zama shugabar mata, an ɗaure ta har sau 16. Cikin 1958 majalisar Arewa ta kafa dokar da ta hana yaran da ba su kai shekara 16 ba shiga harkar siyasa, ta kuma tanadi hukunci ga babban da ya sa su. An ƙalubalanci dokar a babbar kotu cikin 1960, a shari'ar da masana doka suka sani da sunan Ceranci, amma kotu ta tabbatar da ita. Kafa irin wannan doka shaida ce ta yadda hukuma ta ɗauki yaran NEPU da muhimmanci.

A tsakiyar wannan gwagwarmaya Malam Aminu bai bar malanta ba. Ya kafa makarantar Islamiyya a Kano wadda ta haɗa karatun addini da tsarin aji da allo irin na zamani, yara mata suna zama tare da 'yan'uwansu suna koyo. Yana kuma yin tafsiri da azumi. Wannan ne ya sa zargin kafirci da abokan hamayya suka riƙa yi wa jam'iyyarsa bai kama shi ba.

Sawaba a Ƙetaren Iyaka

Iyakar da ta raba Nijeriya da Nijar Ingilishi da Faransawa ne suka shata ta da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Kano da Daura da Damagaram, alhali harshe ɗaya ne, addini ɗaya, auratayya ɗaya. Gyaɗar Nijar ta tashar jirgin ƙasa ta Kano take bi zuwa teku, shanun arewa suna gangarowa kasuwannin kudu, 'yan cirani da almajirai suna zuwa da rani su koma da damina. Duk hanyar da kaya suka bi, labari ma yana bin ta.

A Nijar akwai wani malamin makaranta mai suna Djibo Bakary, wanda aka haifa cikin 1922, watau Malam Aminu ya girme shi da shekara biyu. Shi ma ya bar koyarwa ya shiga siyasa da harkar ƙungiyoyin ƙwadago. Ya kafa jam'iyyarsa cikin 1954, ya zama magajin garin Yamai cikin 1956, cikin 1957 kuma ya zama ɗan ƙasa na farko da ya jagoranci majalisar gwamnatin Nijar, yana ɗan shekara 35. Sunan da jam'iyyar ta shahara da shi shi ne Sawaba, kalmar da 'yan NEPU suka riga suka mai da ita kirarinsu. Magoya bayanta ma irin na NEPU ne, direbobi da 'yan kamasho da leburori da masu sana'ar hannu da ƙananan 'yan kasuwa, ƙarfinta kuma yana Damagaram da Tasawa da Maraɗi, garuruwan da ke fuskantar Kano da Katsina.

Ranar 28 ga watan Satumba 1958 Janar de Gaulle ya sa aka yi ƙuri'ar raba gardama a ƙasashen da Faransa ke mallaka, ko su zauna cikin tarayya da ita, ko su karɓi 'yanci nan take. Sekou Toure na Gini da Djibo Bakary suka nemi jama'arsu su zaɓi 'yanci. A Gini haka aka yi. A Nijar kuwa Faransa ta aiko da sabon gwamna, ta jawo sarakuna, ta matsa wa 'yan Sawaba, sakamako ya nuna wajen kashi 78 cikin 100 sun zaɓi zama da Faransa. Gwamnatin Djibo ta faɗi, ɗan'uwansa Hamani Diori ya hau, cikin watan Oktoba 1959 kuma aka haramta jam'iyyar Sawaba.

Daga nan Kano ta zama mafakar 'yan Sawaba. 'Yan NEPU suka sauke su a gidajensu, suka taimake su da abinci da hanyar sana'a da isar da wasiƙu. Ta Kano da yawa daga cikin samarinsu suka bi zuwa Gana, inda Nkrumah ya buɗe ƙofa ga 'yan gwagwarmayar Afirka tun bayan 'yancin ƙasar cikin 1957, ya kuma kira babban taron al'ummomin Afirka a birnin Akara cikin watan Disamba 1958. NEPU ita ma tana da zumunci da jam'iyyar CPP ta Nkrumah. Samarin Sawaba da dama sun sami karatu a ƙasashen Turai ta Gabas, waɗansu kuma aka ba su horon soja a Gana da Aljeriya da Sin da Biyetnam ta Arewa.

Kamar yadda 'yan adawa suka haɗa kai a ƙetaren iyaka, haka masu mulki suka yi. Gwamnatin Sardauna a Kaduna da ta Diori a Yamai suna ɗasawa, kowace tana ganin abokin hamayyar ɗaya barazana ne gare ta, saboda haka aka riƙa kama 'yan Sawaba a Nijeriya ana miƙa su. Cikin watannin Satumba da Oktoba 1964 ƙananan rundunonin Sawaba suka kutsa Nijar ta iyakoki da dama da niyyar ta da jama'a. Ba a daɗe ba aka murƙushe su, aka harbe waɗansu a bainar jama'a, aka tsare mutane masu ɗimbin yawa. Ranar 13 ga watan Afrilu 1965 aka jefa wa Shugaba Diori gurneti a filin Idi na Yamai, ya tsira. Da aka hamɓare Nkrumah cikin watan Fabrairu 1966, madafar da ta rage ta rushe. Djibo ya koma gida bayan juyin mulkin Seyni Kountche na 1974, aka tsare shi cikin 1975 shekaru da dama, ya rasu a Yamai cikin 1998.

A nan ne hanyoyin malaman biyu suka rabu. Sawabar Nijar an rufe mata ƙofar zaɓe baki ɗaya, ta ɗauki bindiga, samarinta suka ƙare a kabari da kurkuku da gudun hijira. NEPU an ƙuntata mata amma ba a haramta ta ba, Malam Aminu kuma ya riƙe ta a kan hanyar ƙuri'a da kotu da jarida da ƙawance, ko da yake akwai samarin da suke ganin hanyar ta yi tsawo. Ya sha kaye sau da yawa a kan wannan hanya, amma mutanensa sun rayu sun ga an biya yawancin bukatun da suka nema.

Majalisa da Zamanin Soja

A zaɓen tarayya na watan Disamba 1959 aka fara jefa ƙuri'a kai tsaye a asirce a duk faɗin Arewa, amma maza kaɗai. NEPU ta sami kujeru 8, NPC 134, Malam Aminu ya ci mazaɓar Kano ta Gabas. Sai ga abokiyar ƙawancensa NCNC ta kafa gwamnatin haɗin gwiwa da NPC. Ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati a Ikko, alhali a gida ana ci gaba da ɗaure magoya bayansa. Wannan ya jawo masa suka daga samarin jam'iyya, a zaɓen majalisar Arewa na 1961 kuma NEPU ta tashi da kujera ɗaya tak. A shekarun nan ya kasance cikin wakilan Nijeriya zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ya yi magana a kan 'yancin sauran ƙasashen Afirka da cinikin ƙasashe matalauta. Ya rasa kujerarsa a zaɓen 1964 mai cike da rikici.

Soja suka karɓi mulki ranar 15 ga watan Janairu 1966, suka rushe jam'iyyu. Malam Aminu yana cikin masu goyon bayan ƙirƙiro jihohi, ranar 27 ga watan Mayu 1967 kuwa Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, Kano ta zama jiha. Ya riƙe muƙamin kwamishinan sadarwa na tarayya daga 1967 zuwa 1971, sa'an nan na lafiya har 1974. A wannan zamani aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun en'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo majalisun da ake zaɓe, Wudil tana cikin ƙananan hukumomi 20 na Jihar Kano ta lokacin, matan Arewa kuma suka sami ikon jefa ƙuri'a. Tsarin mulkin 1979, wanda yana cikin majalisar da ta tattauna shi, ya sauko da shekarun mai zaɓe daga 21 zuwa 18.

PRP da Rigimar Uba da 'Ya'ya

Da aka ɗage takunkumin siyasa cikin watan Satumba 1978, ya kafa jam'iyyar PRP mai alamar mabuɗi. Tsofaffin 'yan NEPU suka haɗu da sabon jini, malaman jami'a da ɗalibai da ma'aikatan gwamnati da suka ajiye aiki. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 ya sami ƙuri'a sama da miliyan 1.7, ya lashe Jihar Kano da babban rinjaye. Jam'iyyar ta sami sanatoci 7 da 'yan majalisar wakilai 49, ta kuma kafa gwamnati a jihohi biyu. Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamnan Kano yana ɗan shekara 39, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya zama na Kaduna. Da hawansu cikin watan Oktoba 1979 suka soke haraji da jangali. A ƙasa irin ta Wudil, inda babbar kasuwar shanu ke ci kowace Juma'a, manomi da makiyayi ba su bukaci mai yi musu bayanin abin da wannan ke nufi ba. Bukata ce da aka sha bulala dominta shekara 29 da suka gabata.

Sai dai mutumin da ya tashi yana ƙalubalantar manya, shi ma ya wayi gari samari suna ƙalubalantarsa. Gwamnonin biyu suka shiga taron gwamnoni masu ra'ayin sauyi tare da na UPN da GNPP, shugabannin jam'iyya suka hana, suka ƙi hanuwa. Cikin 1980 PRP ta dare biyu, 'yan Taɓo suna tare da Malam, 'yan Santsi suna tare da gwamnoni. Hukumar zaɓe ta amince da ɓangaren Malam. Cikin watan Yuni 1981 majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa. Ranar 10 ga watan Yuli 1981 tarzoma ta ɓarke a Kano bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Masu goyon bayan Malam suna ganin samarin sun yi gaggawa sun karya dokar jam'iyya. Masu goyon bayan gwamnoni suna ganin dattijon ya sassauta wa NPN. Ba a ɗinke wannan ɓaraka ba har ya bar duniya.

Rasuwarsa

Malam Aminu ya rasu ranar Lahadi 17 ga watan Afrilu 1983, yana da shekara 62, ana sauran 'yan watanni a yi zaɓen da zai sake tsayawa takarar shugaban ƙasa. Dubban jama'a suka halarci jana'izarsa, aka binne shi a gidansa na Gwammaja. Duk da ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya shekara bakwai, bai bar dukiyar da za a yi magana a kanta ba. Gidan, wanda aka sani da Mambayya, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. An sa sunansa a filin jirgin sama na Kano, da asibitin koyarwa, da kwalejin nazarin shari'a.

Cikin watan Mayu 2018 aka sa hannu a kan gyaran tsarin mulki da ya rage shekarun tsayawa takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi kuma daga 30 zuwa 25, bayan fafitikar da ƙungiyoyin matasa suka yi. Ɗalibin da ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda aka buɗe cikin 2001, yana da ƙuri'a tun yana ɗan shekara 18, ba ya bukatar takardar hakimi kafin ya faɗi ra'ayinsa, 'yar'uwarsa ma tana da irin wannan dama. Samarin 1950 ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da suke da shi shi ne ƙungiya mai rassa har ƙauye, da manufa rubutacciya da kowane memba ya sani, da kuɗin kati da suke tarawa daga aljihunsu, da jagoran da ya yarda ya sha kaye a akwati ya sake dawowa. Ma'aikaci da ɗalibi na yau su ne magadan wannan aiki, alhakin riƙe shi kuma yana wuyansu.

Allah ya ji ƙan Malam Aminu da sauran mazan jiya da matan jiya da suka sha wuya tare da shi, ya gafarta musu kurakuransu, amin.